Yadda Ake Koya wa Yaran Aji Ɗaya da Biyu Karatu Har Su Haɗa Baƙi da Kansu

Shekarar da na fara koyarwa akwai wata yarinya a ajina da nake ji da ita. Duk abin da na rubuta a allo, muryarta ce ke fin ta kowa tashi. Ran nan yara sun fita tara sai na kira ta, na rubuta "nuna" a bayan wata takarda. Kalmar ba mu taɓa yin ta ba, amma duk haruffanta mun yi su. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta waiga allo tana neman abin da zai cece ta, sai idonta ya ciko da ƙwalla. Ashe wata uku tana haddace allo, ni kuma ina ɗauka karatu take yi. Laifin nawa ne, ba nata ba.

Tun daga ranar ma'aunina ɗaya ne: yaro ya iya karatu ne idan ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, shi kaɗai, babu hoto a gefe, babu amshin 'yan aji. Matsalar kuwa ba ta ajina kaɗai ba ce. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi, kuma da yawansu suna zuwa makaranta.

Abu guda ya kamata ka riƙe kafin mu fara. A 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: iya fitar da kalma daga haruffa, da fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya ta karye, ɗayar ba za ta kai yaro ko'ina ba. Shi ya sa darasin kowace rana yake ɗauke da aikin haruffa da kuma labari. Da rubutun Hausa zan yi misali, kuma mun yi sa'a da shi, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa.

Kayan aiki

- Allo da alli, fari da wani launi guda.
- Katunan haruffa. Yanka kwali gwargwadon tafin hannu, ka rubuta ƙaramin harafi ɗaya a kan kowanne da rubutu mai kauri. Baƙaƙe da launi ɗaya, wasula biyar (a, e, i, o, u) da wani launi. Yi katin "a" da yawa, shi ya fi kowane harafi fitowa.
- Littafin rubutu da fensir ga kowane yaro.
- Gajerun labarai iri biyu: waɗanda kai za ka karanta musu, da waɗanda su za su karanta. Na biyun kai za ka rubuta su, zan nuna yadda ake yi.
- Littafinka na kanka mai sunan kowane yaro, da fili a gaban sunan.
- Agogo ko waya don auna minti ɗaya.

In babu kwali, marafan kwalba suna yi, kuma yara sun fi son jujjuya su. In babu fensir, a share ƙasa a yi rubutu da yatsa. Wanda ba a yi masa madadi shi ne littafin sunaye.

1. Gano inda kowane yaro yake

Kada ka fara koyarwa a makon farko sai ka zauna da kowane yaro minti biyu ko uku. Nuna masa haruffa goma a hargitse, ba a jere ba. In ya san fiye da rabi, ba shi gaɓoɓi kamar ka, mu, si. In ya wuce, ba shi kalma, sannan jimla. Inda ya tsaya, nan za ka rubuta a gaban sunansa. Yi masa fara'a, kada ya ji jarrabawa ce.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce yaro ya rera a, b, c, d. Wannan waƙa ce, yaro ɗan shekara uku ma yana iya ta ba tare da ya san harafi ko ɗaya ba.

2. Kunne kafin ido

Minti biyar kullum, babu allo babu littafi. Faɗi kalma, yara su tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa: ka-ka, tafi biyu, ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Fara da sunayensu, babu kalmar da yaro ke so kamar sunansa. Bayan kwana biyu ko uku juya wasan: kai ka faɗi gaɓoɓin a rarrabe, "ta… ga", su haɗa su ce "taga". Daga nan ka shiga sautin farko: "Sama, suna, sanda, da wane sauti suka fara?" Ja shi da bakinka, sss, su ji shi, su kalli bakinka.

Yaron da bai ji cewa kalma guntaye ce aka haɗa ba, ba zai gane abin da harafi yake wakilta ba.

3. Gabatar da harafi da sautinsa

Kada ka bi jerin abacada. Fara da haruffan da za su ba ka kalmomi da wuri. Ni ga yadda nake bi: a, m, n, k, sai i, s, u, t, sannan r, d, w, y, g, sai b da sauran su biyo baya. Harafi biyu ko uku a mako ya isa a farko. Ƙananan haruffa tukuna, su ne suka cika littattafai. Babban harafi yana shigowa lokacin da kuka fara rubuta suna da jimla.

Kowane harafi hawa uku ne. Da farko ni kaɗai: na ɗaga kati na faɗi sautin, suna kallo. Sai mu yi tare. Sai su yi ni na yi shiru. Daga nan su rubuta shi a iska da yatsa, a kan tebur, sannan a littafi, suna faɗin sautin a duk lokacin da suka rubuta. In kana nuna rubutun iska, juya musu baya ka ɗaga hannu sama, in ba haka ba za su kwafe shi a juye.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a wannan mataki. Mun saba kiran baƙaƙe da wasali a manne: ba, ca, da, ka, ma. In ka koya wa yaro cewa k shi ne "ka", ranar da ya ga "ki" zai ce "ka-i", wato "kai". In ya ga "mu" ya ce "mau". Ya bi abin da ka koya masa ne daidai. Don haka faɗi sautin tsurarsa. M, n da s suna jawuwa: mmm, nnn, sss, shi ya sa nake farawa da su. Irin k, t, d da b ba sa jawuwa, sai dai a datse su gajere kamar an taɓa wuta. In ka ga ba ka iya furta su ba tare da "a" ta biyo ba, to kada ka ware su, koyar da su kai tsaye cikin gaɓa: ka, ki, ku.

4. Haɗa baƙi da wasali

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma malamai suka fi yin gaggawa. Kira yara biyu gaban aji. Ba ɗaya katin m ya tsaya a hagun 'yan aji, ɗaya katin a ya tsaya nesa kaɗan a dama. Mai m ya fara takowa a hankali, aji na jan "mmmm" ba tare da yanke numfashi ba, har kafaɗarsa ta taɓa ta mai a, sai kowa ya ce "ma". Sirrin shi ne kada sautin ya yanke. In aka ce "m", aka yi shiru, aka ce "a", yaro ya manta na farko kafin ya isa na biyu.

Sai ka canza wasalin: mai a ya koma, mai i ya zo, "mi". Bayan nan ka bar wasalin ka canza baƙin: na, ka, sa. Yaro yana buƙatar ganin canjin ta fuska biyu kafin abin ya zauna masa.

Daga nan zana jadawali a allo, baƙaƙe a gefe, wasula a sama. Amma kula: da zarar ka bi shi a jere sau uku, ma mi mu, na ni nu, ya zama waƙa. Riƙa nuna gaɓa a hargitse, ka tsallaka daga ƙasa zuwa sama. Kuma bayan ka nuna, ƙirga uku a zuciyarka kafin ka ba da alamar amsawa. In ba ka yi haka ba, yara huɗu masu saurin baki za su riƙa amsawa, sauran su bi su a baya kamar amsa-kuwwa, kai kuma kunnenka ya ce maka aji duka ya iya.

Bayan amshin aji, koma layi-layi, sannan ɗaya-ɗaya. Kira waɗanda ba su ɗaga hannu ba, musamman na bayan aji da na jikin bango. In yaro ya yi kuskure kada ka ce "a'a, wa zai gyara masa?" Ɗora yatsa ƙarƙashin harafin farko ka ce, "Wane sauti ne wannan? To wannan fa? Ja su tare." Ya gyara da bakinsa, ka yaba masa, ka dawo kansa bayan minti biyu da wata gaɓar.

Wasu yaran cikin kwana uku suke kamawa, wasu sai sun yi mako uku. Akwai yaron da na yi kusan wata ina fama da shi, kullum yana faɗin sautukan daidai amma haɗin ya gagara. Rannan yana tura marafan kwalba biyu a kan benci, yana gunguni, sai na ji ya ce "sa… ma… sama!" Ya ɗago kai ya nuna rufin aji da yatsa, bakinsa buɗe. Daga ranar bai sake tsayawa ba. Kada ka bar wannan mataki don manhaja ta ce lokaci ya yi. Duk abin da ke gaba a kansa aka gina shi.

5. Daga gaɓa zuwa kalma da jimla

Da haruffa huɗu kacal, a, m, n, k, kana da mama, kaka, kama, naka, mana, nan. Kana ma da jimla: "Kaka na nan." Da i, s da u sun shigo, ga ina, sama, nisa, suna, kusa, kuma, nuna, uku. Yanzu za ka iya rubuta musu labarinsu na farko:

Ina mama? Mama na nan. Ina kaka? Kaka na kusa.

Gajere ne, amma yaro da kansa ya karanta shi, kuma kowane harafi a ciki ya san shi. Ƙa'idar rubuta irin wannan labari ke nan: kada ka sa harafin da ba ku yi ba. Kowane mako ƙara jimla biyu ko uku da sababbin haruffa. A nan ne za ka nuna babban harafi a farkon jimla, da aya, da alamar tambaya, da tazarar yatsa ɗaya tsakanin kalmomi.

Bayan gaɓa mai baƙi da wasali ta zauna, shigo da mai rufaffen baki: kan, man, san, sai kalmomi irin manta da sanda. Sannan baƙi mai nanatuwa, kamar hannu da kunne, a raba su han-nu, kun-ne. Rubuta "kala" da "kalla" su ji yadda harafi ɗaya ya sauya ma'ana. Tagwan wasali, ai da au, su ma a nan: kai, sai, sau, yau.

Kada ka bari yaro ya riƙa cankar kalma daga hoto ko daga harafin farko. In ya ga "kusa" ya ce "kuma", mayar da idonsa kan gaɓa ta biyu.

6. Baƙaƙe masu ƙugiya, tagwaye, da rikicin b da d

Ɓ, ɗ da ƙ haruffa ne masu zaman kansu, a koyar da su kamar kowane harafi, amma sai takwaransu marar ƙugiya ya zauna sosai. Kalmomi masu kama da juna su ne maganinsu: baki da baƙi, kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari, gaba da gaɓa. Faɗi ɗaya, su ɗaga katin da ya dace. Ja ƙugiyar da alli mai launi. Kai ma kada ka yi kasalar sa ta a allo, abin da ka bari shi za su bari. Sautin farkon "'ya'ya" ana rubuta shi 'y a Najeriya, ƴ a Nijar, sai ka bi wanda ke cikin littattafan ɗalibanka.

Tagwayen baƙaƙe kuwa, sh, ts, ky, gy, ƙy, kw, gw, ƙw, a rubuta kowanne a kati ɗaya, a gaya wa yara haruffa biyu ne amma sauti ɗaya: shanu, tsuntsu, kyau, gyara, ƙyalle, kwana, gwani, ƙwaro.

Juya b da d abu ne da yara masu shekara shida da bakwai ke yi da yawa, ba alamar daƙiƙanci ba ce. Raba su da aƙalla mako biyu. Bambanta su ta hanyar rubutawa: b ana fara ta da sanda sannan ciki, d ana fara ta da ciki sannan sanda. Hannu yakan tuna abin da ido ya rikita.

Akwai abin da rubutunmu ba ya nunawa: tsawon wasali da karin sauti. "Gado" na kwanciya da "gado" na magada rubutunsu ɗaya, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Kada ka ba da irin waɗannan su kaɗai, sa su cikin jimla, ka koya wa yaro ya koma ya sake faɗin kalmar idan ma'anar ba ta zauna ba.

7. Shifta kullum

Minti biyar: sauti biyu, gaɓa biyu, kalma biyu, daga baya jimla ɗaya. Su faɗi kalmar, su tafa gaɓoɓinta, sannan su rubuta. Zagaya kana leƙawa. Shifta ba ta ɓoye kowa, nan take za ka ga wanda ya rubuta "mata" a maimakon "manta". Kwafar allo kuwa gyaran hannu ce kawai, yaro na iya cika shafi bai karanta ko kalma ɗaya ba.

8. Karanta musu labari

Wannan ita ce ƙafa ta biyu, kuma ita ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. Kada ka yanke ta. Zaɓi labarin da ya fi ƙarfin karatunsu amma bai fi ƙarfin kunnensu ba. Kafin ka fara, ciro kalmomi biyu ko uku da ba su sani ba, ka bayyana su da motsi ko da abu a hannu. In kalmar "sanɗa" ce, taka a hankali ka nuna, su ma su tashi su yi. Karanta da murya mai rai. Tsaya sau biyu ka tambaya, "Me kuke jin zai faru?" A ƙarshe yi tambayar da amsarta ke cikin labarin, kamar wa ya zo da ina ya tafi, sannan wadda sai an yi tunani: "Don me ta ɓoye?" Sai kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin da bakinsa. In babu littafi, ba da labarin da ka, ko yara su faɗi abin da suka gani a hanya ka rubuta a allo da kalmominsu, ku karanta tare.

Kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa kan koyar da karatu ya fitar da rahotonsa a 2000, ya lissafa ginshiƙai biyar: jin sautukan kalma, danganta sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Biyun ƙarshe a wannan minti goma na labari suke samuwa.

9. Cire gargada

Yaron da ke karatu gaɓa-gaɓa yana kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Maganin shi ne maimaita gajeren rubutu guda sau uku ko huɗu: kai ka karanta suna bi da yatsa, ku karanta tare, sannan bibbiyu, ɗaya na karatu ɗaya na bi. Haɗa mai ƙarfi da matsakaici, kada ka haɗa na farko da na ƙarshe, ɗaya zai ƙosa ɗaya ya ji kunya. Sau ɗaya a wata ba kowane yaro sabon rubutu, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, ka rubuta. Da adadinsa na watan jiya za ka gwada shi, ba da na wani ba. Ka kuma yi masa tambaya ɗaya a kan abin da ya karanta, don kada ya ɗauka tsere ake yi.

Rabon lokaci da waɗanda aka bari a baya

In darasin minti 45 ne, ni haka nake raba shi: 5 bitar katunan jiya, 5 wasan kunne, 10 sabon harafi da haɗi, 10 karatun kalma da jimla, 5 shifta, 10 labari. Ranar ƙarshen mako ba na kawo sabon harafi, bita ce kawai. In kuma kana koyar da Turanci, ware masa lokacinsa daban, domin c da wasula ba sauti ɗaya suke bayarwa a harsunan biyu ba, kuma p, q, v da x babu su a abacadan Hausa.

Duba littafin sunayenka kowane mako. Duk yaron da ya yi mako uku bai motsa ba, fara da jikinsa: matso da shi gaba ka ga ko yana runtse ido in ya kalli allo, yi masa magana a hankali ta bayansa ka ga ko ya ji. In ka ga alama, gaya wa iyayensa su kai a duba shi. In lafiyarsa lau, tara irinsa su biyar ko shida, ka ba su minti goma kullum yayin da sauran ke karatun bibbiyu, ka koma da su matakin da suka tsaya, ko da na biyu ne. Bulala da tsawa ba su da gurbi a nan, yaron da ke tsoro yakan daina gwadawa ya koma canka. In iyaye sun tambayi abin da za su yi a gida, ba su katuna biyar na makon da labarin da ya riga ya karanta a aji, ka ce su zauna da shi minti goma ya karanta musu, ko da su ba su iya karatun ba.